Yadda asibitocin Sakkwato za su daidaita bayanan majiyyata domin manhajojinsu su fahimci juna

Idan aka turo mace mai juna biyu daga wata cibiyar lafiya ta matakin farko a Gwadabawa ko Tambuwal zuwa babban asibiti a cikin birnin Sakkwato saboda jininta ya hau, abin da ke rako ta galibi bai wuce takarda guda ba, sai kuma abin da ita ko ɗan rakiyarta ya iya tunawa. Awon da aka yi mata wata da watanni, da maganin da aka ba ta daren jiya, da rukunin jininta, duk suna can cikin rajistar da ta baro. Mutane da yawa suna zaton da zarar an sa kwamfuta a asibitocin biyu magana ta ƙare, alhali kuwa ana iya samun asibitoci biyu, kowanne da manhajarsa mai tsada, amma babu wadda ke iya karanta abin da ɗayar ta rubuta. Wannan bayani na shugabannin asibitoci ne, da ma'aikatan ɗakin kati, da jami'an tattara alƙaluma, da duk wanda za a nemi shawararsa kafin a sa hannu a kwangilar manhaja. Abin da nake roƙon su riƙe shi ne cewa musayar bayanan majiyyata tana farawa ne daga yarjejeniya a kan yadda za a rubuta suna da cuta da gwaji da magani, kuma wannan yarjejeniya aikin mutanen asibiti ne, ɗan kwangila ba zai iya yi musu ita ba.

Abubuwa biyu ne ya kamata a rarrabe tun da farko. Akwai isar saƙo daga wannan kwamfuta zuwa waccan, akwai kuma fahimtarsa da ma'anar da aka aiko shi. Isar saƙo aikin injiniyoyi ne, kuma a yau ba shi da wuya sosai. Fahimta ita ce inda ake tuntuɓe. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwannin ƙauye ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba, shi ya sa mai saye ke tambayar da wane mudu aka auna kafin ya taya. Haka lamarin yake da sakamakon gwajin suga: idan wani asibiti ya aiko da lamba 7 ba tare da ma'auninta ba, likitan da ya saba da mmol/L zai ga alamar ciwon suga a jinin wanda bai karya ba, wanda kuwa ya saba da mg/dL zai ga sugan da ya faɗi warwas, domin 7 a ma'auni na farko daidai yake da kusan 126 a na biyu. Saƙon ya isa lafiya, amma ma'anarsa ta ɓata a hanya.

A fara da ɗakin kati

Kafin a yi maganar cuta ko magani, dole ne asibitocin biyu su tabbatar cewa mutum ɗaya suke magana a kansa. A ganina wannan shi ne mafi wuyar aikin a ƙasar Hausa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin manhajoji da yawa an tsara su ne da gurbi biyu kawai, na suna da na sunan iyali. Mu kuwa mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a katin awo, Mamman a bakin ɗan rakiya, Mohammed a katin ɗan ƙasa. Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, Indo ita ce A'ishatu. Mace tana iya yankan kati da sunan mahaifinta kafin aure, ta dawo da sunan mijinta bayan shekara biyu. Ga kuma alkunya, wadda ke hana uwa faɗin sunan ɗan farinta, ta hana mace ambaton sunan maigidanta, sai ma'aikacin ɗakin kati ya rubuta laƙabin da ya ji, ba tare da ya san ba shi ne sunan yanka ba.

Saboda haka ku buƙaci manhajar ta ware gurbi ga sunan yanka, da sunan mahaifi, da sunan kaka ko na iyali, da kuma gurbin sunayen da aka fi sanin mutum da su, wanda zai iya ɗaukar suna fiye da ɗaya. Sunan miji ya shiga gurbin dangi na kusa, kada ya maye gurbin sunan mahaifi. Idan suna ya sauya a adana tsohon, domin shi ne zai kai ku ga fayil ɗin shekarun baya. Ku koya wa ma'aikatan ɗakin kati su riƙa tambaya cikin ladabi, su karɓi sunan daga bakin wanda alkunya ba ta hana shi faɗa ba, ko daga rubutaccen kati idan akwai. Ku kuma gwada haruffanmu masu lanƙwasa tun kafin a biya kuɗi. Manhajar da ke adana rubutu da tsarin UTF-8 za ta riƙe Ɗ da Ƙ da Ɓ yadda aka rubuta su, amma wannan kaɗai bai isa ba: wajibi ne idan aka nemi Dahiru a wurin bincike ta fito da Ɗahiru, idan aka nemi Saadu ta fito da Sa'adu.

Lambar ɗan ƙasa ta NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, ita ce mafi ƙarfin abin da za a iya haɗa fayil biyu da shi, don haka a karɓe ta a duk inda aka same ta. Sai dai kada a ɗora komai a kanta, kuma kada rashinta ya hana kowa ganin likita. Jaririn da aka haifa yanzu ba shi da ita, wanda aka kawo ranga-ranga daga haɗarin mota ba zai iya faɗarta ba, kuma majiyyatan da ke shigowa daga Ƙonni ta iyakar Illela 'yan Nijar ne, takardunsu na wata ƙasa ne. Hanya mafi aminci ita ce kowane majiyyaci ya sami lambar asibiti guda wadda ba a sake ba wa kowa ita har abada, sannan NIN, da lambar inshorar lafiya, da lambar katin awo ko na rigakafi, kowace ta zauna a gurbinta tare da sunan hukumar da ta ba da ita. Lamba tsirara ba ta da amfani a wajen asibitin da ya yanke ta, domin 004512 na wannan asibiti wani mutum ne dabam a wancan. Lambar waya tana taimakawa, amma ba shaida ba ce, tunda waya ɗaya ta maigida ita ce ke kan katin matansa da 'ya'yansa duka.

Ranar haihuwa ma tana buƙatar doka. A cikin rumbun bayanai a adana ta bisa ƙa'idar ISO 8601, wato shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2021-04-03, domin 03/04/2021 uku ga Afrilu ne a wurinmu, amma manhajar da aka tsara a Amurka za ta ɗauke shi huɗu ga Maris. Dattawa da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, kuma al'adar rubuta musu 1 ga Janairu tana tara dubban mutane a rana ɗaya, sai ta ruɗa duk wani bincike na gano fayil mai maimaici. Abin da ya fi shi ne a rubuta shekara kaɗai, a sa alamar cewa ƙiyasi ce. Ƙa'idar FHIR, wadda za mu zo kanta, ta yarda a aika ranar haihuwa da shekara kawai, ko shekara da wata.

Jarirai suna da nasu hukunci, tunda ba a raɗa suna sai ranar bakwai. A buɗe wa jariri fayil nasa tun a ɗakin haihuwa, da lambarsa, a ɗaure shi da lambar mahaifiyarsa, idan ya dawo rigakafi da sunansa a gyara sunan a wannan fayil ɗin, kada a buɗe sabo. Tagwaye kuwa su ne babban dalilin da ya sa nake cewa kada ku yarda manhaja ta haɗe fayil biyu da kanta. Hasan da Husaini ranar haihuwarsu ɗaya, mahaifinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, wayar da ke kan katinsu ɗaya, kuma kwamfuta tana iya ɗaukarsu mutum guda. Ta nuna wa ma'aikaci cewa tana zargin maimaici, amma hukuncin haɗewa ya zama na mutum, a rubuta wanda ya yi shi da ranar da ya yi, kuma a iya warwarewa. Fayil biyu ga mutum ɗaya ɓata lokaci ne, amma fayil ɗaya ga mutum biyu yana iya kaiwa ga ƙarin jini da rukunin da ba nasa ba.

Adireshi bai buƙatar dogon bayani: jiha, da ƙaramar hukuma cikin 23 da Sakkwato ke da su, da mazaɓa, a zaɓe su daga jeri maimakon a buga da hannu, in ba haka ba Wamakko da Wamako za su zama wurare biyu a rahoto. Shi kansa asibitin a kira shi da lambar da ke cikin rajistar cibiyoyin lafiya ta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Cuta, gwaji, magani da hoto

Ga sunayen cututtuka, ƙa'idar da duniya ta sani ita ce ICD ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu na 10 shi ne aka fi amfani da shi tun shekarun 1990, an amince da bugu na 11 a 2019, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. A ICD-10 hawan jini na gama-gari I10 ne, ciwon suga nau'i na biyu E11, sikila D57, jijjigar masu ciki O15, sanƙarau na ƙwayar meningokokus A39.0, cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta, A69.0. A ICD-11 lambobin sun sauya gaba ɗaya, hawan jini ya koma BA00, ciwon suga nau'i na biyu 5A11. Saboda haka kowace lamba ta tafi tare da sunan ƙa'idar da bugunta.

Ba sai likita ya haddace waɗannan ba, kuma duk tsarin da ya tilasta masa binciken dubban layuka alhali layin majiyyata ya kai ƙofa, ƙarshensa kowa ya riƙa zaɓar lambar da ta fi kusa da hannu. Abin yi shi ne a zaunar da likitoci da ma'aikatan ɗakin kati, a buɗe rajistar shekarar da ta wuce, a fitar da cututtukan da aka fi gani da duk gajerun sunayen da ma'aikata ke rubuta su da su, a daidaita kowanne da lambarsa. Wannan teburin daidaitawa shi ne ainihin dukiyar asibiti a cikin aikin nan. A adana shi a hannun asibiti, da kwanan watan kowane gyara. Idan aka aika bayani, a aika lambar tare da ainihin kalmomin da likita ya rubuta, domin lamba tana taƙaitawa, kuma likitan da zai karɓa yana buƙatar abin da aka taƙaita.

Zazzaɓin cizon sauro misali ne mai kyau na inda ake zamewa. B50 na nufin wanda ƙwayar falsifarum ta haddasa, B54 kuwa wanda ba a fayyace nau'insa ba. Idan aka sa wa duk mai zazzaɓi B50 tun kafin gwaji, alƙaluman da za su isa ma'aikatar lafiya za su kumbura, kuma likita na gaba zai ɗauka an tabbatar. Lallai manhaja ta bambanta cutar da ake zargi, da wadda aka tabbatar, da wadda aka kore. Haka nan a gurbin magungunan da jikin mutum ba ya karɓa, gurbin da aka bari fanko ba ya nufin babu. A samar da zaɓi uku: an tambaya akwai, an tambaya babu, ba a tambaya ba.

Akwai kuma wata ƙa'idar lambobin mai suna SNOMED CT, mai ɗauke da ma'anoni fiye da 300,000, wadda ta fi ICD zurfi wajen bayyana alamomi da ayyukan tiyata. Tana da sharuɗɗan lasisi, kuma nauyinta ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a shekarar farko. Shawarata ita ce a fara da ICD, amma a tabbatar manhajar tana iya ɗaukar lamba fiye da ɗaya ga cuta guda, domin a ƙara SNOMED CT ranar da aka shirya.

Gwaje-gwaje da awo suna tafiya ne da ƙa'idar lambobi ta LOINC, wadda Cibiyar Regenstrief da ke Amurka ta fara a 1994, kuma kyauta ake amfani da ita. Awon himoglobin a jini 718-7 ne, nauyin jiki 29463-7, awon hawan jini na sama 8480-6, na ƙasa 8462-4. Ku lura cewa awon hawan jini lambobi biyu ne, don haka manhajar da ke adana 160/110 a matsayin rubutu guda ba za ta iya faɗakar da ungozoma cewa an shiga haɗari ba. Ku kuma lura cewa PCV da himoglobin gwaje-gwaje biyu ne, na farko kashi cikin ɗari, na biyu giram a desilita, kada a zuba su a gurbi ɗaya da sunan awon jini. Kowane sakamako ya tafi da lambarsa ta LOINC, da adadinsa, da ma'auninsa bisa ƙa'idar UCUM, da iyakar da ɗakin gwajin ke ɗauka daidai, da lokacin da aka ɗebi jinin. Gwajin kiriyatinin na ƙoda yana da irin tarkon suga, domin tsakanin mg/dL da µmol/L akwai ninki 88.4.

Magani a rubuta shi da sunansa na asali, sunan kamfani ya biyo baya. Coartem sunan kasuwa ne, maganin kuwa haɗin atemita da lumefantirin ne, wanda lambarsa a ATC, tsarin ba wa magunguna lambobi, ita ce P01BF01, kamar yadda farasitamol yake N02BE01. Lambar ATC ba ta faɗin ƙarfin ƙwaya, alhali wannan haɗin yana zuwa da 20/120 da kuma 80/480, saboda haka ƙarfi, da siffa, da adadin sha, da yawan kwanaki, kowanne ya sami gurbinsa. Lambar rajistar NAFDAC kuma tana da amfani ga ɗakin magani ranar da aka ce a janye wani kaya daga kasuwa. Hoton ƙashi da na ƙirji da sikanin suna da ƙa'idar DICOM, wadda ke riƙe cikakken hoton tare da lambar majiyyaci a jikinsa. Duk na'urar hoto da za a saya a tabbatar tana fitar da shi. Ɗaukar hoton allo da waya yana zubar da ingancin da likitan hoto ke buƙata, ya kuma raba hoton da sunan mai shi.

Hanyar da saƙon zai bi

Ƙungiyar HL7, wadda aka kafa a 1987, ita ke da ƙa'idodin da aka fi aika saƙon asibiti da su. Tsohon tsarinta, bugu na 2, har yanzu shi ne na'urorin ɗakin gwaji da yawa ke fitarwa, don haka kada a raina shi: idan na'urar gwajin jini tana iya tura sakamako kai tsaye cikin fayil, an huta da kuskuren kwafa da hannu. Ga musaya tsakanin asibitoci kuwa, FHIR ake nema yanzu. Grahame Grieve, ɗan Ostireliya, shi ya fara ta a 2011. Tana rarraba fayil zuwa ƙananan rukunai, na majiyyaci, na ziyara, na cuta, na awo, na magani, na rigakafi, kowanne da sifar da aka sani, ana kuma neman su ta intanet kamar yadda manhajojin waya ke yi. Bugu na R4 shi ne ya fi yaɗuwa, ko da yake R5 ya fito a 2023.

Idan ɗan kwangila ya ce manhajarsa tana da FHIR, maganar ba ta ƙare ba. Ku tambaye shi wane bugu, waɗanne rukunai, kuma tana aikawa ne kawai ko tana karɓa. FHIR ta bar gurabe da yawa a matsayin zaɓi, shi ya sa manhajoji biyu ke iya bin ta kuma su kasa jituwa. Maganin wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin asibitocin da ke tura wa juna majiyyata, mai faɗin gurbin da ya zama dole da ƙa'idar lambobin da za a cika shi da ita. Kada ku ce sai kun aika fayil gaba ɗaya. Ku fara da taƙaitaccen bayanin majiyyaci, kuma akwai ƙa'idar duniya a kansa mai suna IPS, wadda ginshiƙanta su ne matsalolin da mutum ke fama da su, da magungunan da yake sha, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Ku ƙara dalilin turawa, da awo na ƙarshe, da abin da aka riga aka ba shi da lokacinsa. Ga awon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 da jerin guraben bayanai da aka riga aka daidaita da lambobi, ƙarƙashin shirinta na SMART, kuma ɗaukarsa ya fi ƙirƙirar naku sauƙi.

Asibitoci uku suna iya haɗa manhajojinsu kai tsaye, amma idan suka kai goma, igiyoyin haɗin sun zama 45, kowace da gyaranta. Shi ya sa OpenHIE, wani tsarin haɗa bayanan lafiya, ke ba da shawarar mahaɗa guda a tsakiya, tare da rajistar majiyyata, da ta cibiyoyi, da ta ma'aikata, da ma'ajiyar lambobi. Wannan aikin jiha ne ko tarayya, ya fi ƙarfin asibiti ɗaya, amma asibitin da ya daidaita bayanansa tun yanzu ba zai sha wahala ba ranar da aka ce a haɗu.

Rahoton wata-wata ma yana cikin lissafin. Alƙaluman cibiyoyin lafiya na Nijeriya suna taruwa ne a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagoranta, ana kuma bibiyar annoba irin su kwalara da sanƙarau ta manhajar SORMAS a hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. DHIS2 a wannan aiki jimla take so, ba fayil ɗin mutum ba. Ku sa manhajar asibiti ta riƙa fitar da jimlar da kanta bisa ainihin rukunan shekaru da jinsi na fom ɗin ƙasa, sannan a watannin farko a kwatanta ta da ƙidayar hannu daga rajista, a bi sawun duk inda suka saɓa. Takardun neman biya daga hukumar inshora ta ƙasa, NHIA, ko SOCHEMA ta jiha, su ma daga wannan bayani guda ya kamata su fito. Nas ɗin da ke shigar da mutum ɗaya a manhaja uku ba ta da lokacin duba shi.

Abin da za a rubuta a kwangila

A nan ne asibiti ke da ƙarfin faɗa a ji, kuma da zarar an sa hannu ƙarfin ya ragu. A rubuta ƙarara cewa bayanan majiyyata suna ƙarƙashin ikon asibiti, kamfani mai riƙo ne kawai. A rubuta cewa asibiti yana da damar fitar da dukkan bayanansa a kowane lokaci, cikin sifar da wata manhaja za ta iya karantawa, ba PDF kaɗai ba, tare da littafin da ke bayyana ma'anar kowane gurbi, kuma ba tare da sabon caji ba. A rubuta ƙa'idodin da aka ambata da bugunsu, da wanda zai biya kuɗin sabuntawa idan ƙasa ta koma ICD-11 gaba ɗaya, da abin da zai faru da bayanan idan kamfanin ya rufe ko aka raba gari. Manhajojin da kowa ke da izinin duba yadda aka gina su da gyara su, irin su OpenMRS, suna rage haɗarin zama fursunan kamfani guda, amma su ma suna buƙatar ma'aikaci mai albashi da zai kula da su. Haka nan idan wata ƙungiyar agaji ta zo da manhajarta domin shiri ɗaya, a gode mata, a kuma gindaya mata waɗannan sharuɗɗa, domin shirye-shirye suna ƙarewa, majiyyata kuwa suna nan.

Sirrin majiyyaci amana ce, kuma doka ce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta watan Yunin 2023 kuma ta sa shi cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan aka sami ɓarakar da ke iya cutar da mutane. A birnin da kusan kowa ya san kowa, sakamakon gwajin ƙanjamau ko bayanin taɓin hankali da ya fita yana iya kashe aure ko ya zubar da mutuncin gida. Don haka kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa shi kaɗai, ya ga iya abin da aikinsa ya shafa, manhaja kuma ta riƙa rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe. A ɓoye saƙo a kan hanya da kuma a wurin ajiya. A bayyana wa majiyyaci da Hausa abin da za a aika da wanda za a aika wa. Tura sakamako ta WhatsApp a wayar ma'aikaci ya zama ruwan dare saboda babu wata hanyar, kuma ba za a daina ba sai an samar da hanyar da ta kai shi sauri.

Gwaji kafin biya na ƙarshe

Wuta tana ɗaukewa, sabis yana yankewa, musamman a ƙananan hukumomin nesa, don haka manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta dace da mu ba. A nemi wadda ke adanawa a na'urar asibiti, ta tura idan sabis ya dawo, kowane bayani da lambar da ba ta maimaituwa domin kada turawa sau biyu ta haifi gwaji biyu. A daidaita agogon kwamfutoci, domin batirin da ya mutu yana mayar da kwanan wata shekaru baya. A tanadi sola ko batir ga na'urar ajiya, da kwafin ajiya a wani gini dabam, da takardar turawa mai gurabe iri ɗaya da na manhajar saboda ranar da komai ya tsaya.

Kafin a biya kaso na ƙarshe, ku ƙirƙiri majiyyata na gwaji waɗanda ba mutanen gaske ba, ku zaɓi masu wuya da gangan: tagwaye, jaririn da ba a raɗa wa suna ba, dattijon da shekarar haihuwarsa kaɗai aka ƙiyasta, matar da sunanta ya sauya, ɗan Nijar marar NIN, mai suna da harafi mai lanƙwasa, da mai sakamakon suga a ma'auni biyu. Ku aika su zuwa asibitin da kuka yi yarjejeniya da shi, likita da nas na can su karanta abin da ya iso, su faɗi abin da suka fahimta ba tare da sun ga na asali ba, sannan a kwatanta gurbi da gurbi. Ku sa su dawo muku da amsar turawa ta wannan hanyar, tunda cibiyar da ta turo majiyyaci ita za ta ci gaba da kula da shi idan an sallame shi. Daga nan a naɗa mutum guda daga ɗakin kati, tare da likita da ma'aikacin ɗakin gwaji, su riƙa zama duk wata suna duba yawan fayil masu maimaici, da cututtukan da aka bari ba lamba, da sakamakon da ya fita ba ma'auni, su kuma maimaita wannan gwaji duk lokacin da ɗaya daga cikin manhajojin biyu ta sami sabon bugu.